Me ya kamata yaro ya sha daga haihuwa zuwa shekara biyar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Aboabo ce a Kumasi. Ina goyon jaririya 'yar wata 4, ina da yaro ɗan shekara 3 da ya fara zuwa makarantar ƙananan yara, sannan ɗan ƙanwata mai wata 14 yana wuni a hannuna. Surukata ta ce zafin nan ya yi yawa, in riƙa ba jaririyar ruwa da ɗan koko mai ruwa-ruwa a fida. Babban kuwa ba ya yarda ya tafi makaranta sai da lemon kwali a jakarsa, da yamma kuma ya nemi sobolo, wato zoɓo. Wane abin sha ne ya dace da kowannensu, kuma nawa ne ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya raya mana su bisa lafiya. Aikina shi ne ba iyaye shawara kan cimar yara a wurin awo, kuma wannan tambaya taki ita ce ta fi yawa a bakin mata daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da rana take ƙwallewa a Kumasi. Daga haihuwa zuwa shekara 5, abin sha uku ne jikin yaro yake buƙata, wato nonon uwa, da tsabtataccen ruwa, da madarar da ba a zuba mata sukari ba, kuma kowannensu yana da lokacin shigowarsa. Sauran abubuwan da muke kurɓa, ko dai abinci ne da ya kamata a yi masa kauri a ci da cokali, ko kuwa kayan zaƙi ne da ake ɗanɗanawa jefi-jefi.

Zan fara da jaririyar, domin ita ce kuskure ya fi saurin cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF da Hukumar Lafiya ta Ghana duk bakinsu ɗaya ne: a shayar da jariri nonon uwa zalla har ya cika wata 6, ba ruwa, ba koko, ba shayi, sai fa maganin da likita ya rubuta ko ɗigon rigakafi. Hajiya surukarki ba ta faɗi abin da ta faɗa don komai ba sai tausayin jikarta, kuma duk wanda ya ji ƙishirwar bazara zai ga kamar zalunci ne a hana jariri ruwa. Abin da ya kamata a bayyana mata cikin ladabi shi ne cewa ruwan yana nan cikin nonon. Kimanin kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma nonon da yake fara zuwa idan jariri ya kama mama ya fi tsinkewa, shi yake kashe ƙishirwa, sannan maiƙo ya riƙa ƙaruwa yayin da shan yake nisa. Shi ya sa a ranar zafi za ki ga jaririya tana neman mama akai-akai, ta sha kaɗan ta saki. Ki ba ta duk lokacin da ta nema, dare da rana, ke kuma ki sha ruwa gwargwadon ƙishirwarki.

Illar ba ta ruwa ta fuskoki uku take zuwa. Cikin jariri kamar motar haya ce a tashar Kejetia, kujerunta ƙidayayyu ne, duk wanda ya zauna ya hana wani wuri; idan ruwa ya cika cikin, nonon da yake ɗauke da abinci ya rasa mazauni. Daga nan sai ta rage tsotso, shi kuwa nono gwargwadon yadda ake tsotsonsa yake kawowa, sai uwa ta wayi gari tana cewa nononta ba ya isa, alhali ruwan da aka fara bayarwa ne ya janyo hakan. Ta biyu ita ce ƙwayoyin cuta: ruwan da babba zai sha ya kwana lafiya yana iya sa jariri gudawa, musamman idan ta fida aka ba shi, domin bakin robar da lungunan kwalbar suna da wuyar wankewa. Ta uku ba a cika saninta ba. Ƙodar jariri ba ta gama ƙwari ba, saboda haka idan ruwa ya yi yawa gishirin da ke cikin jininsa yakan tsinke, har ya kai ga kasala da jijjiga. Abu ɗaya ne yake faruwa idan aka tsinka madarar jarirai da ruwa fiye da ƙima don gwangwani ya daɗe.

Idan kina son ki tabbatar nonon yana isarta, ki dubi kunzugunta da littafin awo. Jaririyar da take jiƙa kunzugu sau 6 ko fiye a kwana ɗaya, fitsarin ba ja ba, kuma nauyinta yana hawa a kan layin da ma'aikaciyar jinya take zanawa kowane wata, ba ta da ƙishirwa kuma ba ta da yunwa. Kuka shi kaɗai ba hujja ba ne, domin jariri yana kuka saboda zafi, da jiƙaƙƙen kunzugu, da barci, da son a ɗauke shi. Ina ba ki shawara ki gayyaci Hajiya ta raka ki awo na gaba ta ga ma'aunin da idonta, domin abin da kaka ta gani ya fi zama a ranta a kan abin da suruka ta faɗa mata. Ba gidanku kaɗai ake wannan muhawara ba: binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2022 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 ne kawai na jariran Ghana 'yan ƙasa da wata 6 suke shan nono zalla, alhali a 2008 adadin ya kai kashi 63.

Akwai abubuwan da muka gada waɗanda dole a yi maganarsu a fili. Zuma ba ta shiga bakin yaro sai ya cika shekara 1, ko da lasa ce a yatsa, domin tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da take tsira a hanjin jariri ta saki gubar da ke kashe jijiyoyi, har ya kasa tsotso ko numfashi. Tafasa zumar a gida ba ya kawar da wannan haɗari. Dauri da jiƙe-jiƙen saiwoyi da ruwan kwalbar da ake sayarwa da sunan maganin ciwon ciki su ma a ajiye su, tunda babu wanda ya san adadin abin da ke cikinsu, kuma hantar jariri ba ta da ƙarfin tace su. Dangane da rubutu da ruwan addu'a, ba na hana kowa neman tsari ga ɗansa, amma ina roƙon a yi wa jaririya addu'ar a tofa mata, uwa ta sha ruwan, har a kai wata 6.

Idan kasuwa ko aiki zai fitar da ke, ki tatsa nonon a kofi mai murfi da aka wanke aka ɗauraye da tafasasshen ruwa. Yana kai awa 4 a wuri mai inuwa da sanyi, a firji kuma kwana 4, idan ba a ɗauke wuta ba. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, kada a ɗora shi a wuta, a kuma ba ta da ƙaramin kofi ko cokali. Mai aikin albashi ta sani cewa dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba mai jego hutun aƙalla mako 12, da awa 1 cikin lokacin aiki don shayarwa. Inda shayarwa ta gagara, saboda rashin lafiya ko rasuwar uwa, madarar jarirai ta matakin farko ce kaɗai take maye gurbi, kuma a haɗa ta daidai da awon da ke jikin gwangwani. Garin madarar ba a tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta gaba ɗaya ba, don haka a tafasa ruwa, a haɗa tun bai huce ƙasa da digiri 70 ba, a sanyaya kafin a bayar, a zubar da abin da ya wuce awa 2. Tun shekarar 2000 Ghana take da dokar da ta hana tallata irin wannan madara da rarraba ta kyauta ga masu jego, domin kada talla ta raba uwa mai lafiyayyen nono da abin da ya fi kowace madara.

Ranar da ta cika wata 6 sai a buɗe ƙofar abinci, ruwa ya shigo tare da shi. Rabin kofi zuwa kofi ɗaya a wuni, wato mililita 120 zuwa 240, ya wadatar har ta kai shekara, ana ba ta kurɓi-kurɓi bayan cin abinci, a buɗaɗɗen kofi, ko da rabinsa zai zube a riga. Da haka take koyon sha, kuma yaron da ya saba da ruwa tun yana rarrafe ba ya ƙin sa idan ya girma. Ruwan famfon da yake zuwa mana daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi an tace shi, amma tsakanin bututu da duro da moɗar da kowa yake tsomawa abubuwa da yawa suna faruwa, saboda haka a tafasa na jariri har ya yi ɓararraka, a ajiye shi a rufe. Idan ruwan leda ne, a duba lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, a wanke bayan ledar, a juye a kofi, kada a miƙa wa yaro ya ciji kusurwar da ta bi ta hannaye da ƙura.

Sai batun koko, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin kokonmu abin alfahari ne, har ya zama karin kumallon ƙasar nan baki ɗaya da sunan Hausawa. Matsalar ita ce kokon da ake damawa don manya an tace shi, an tsinka shi, an zuba masa citta da kanumfari da barkono, sannan mai sayarwa ta ɗora sukari. Idan aka ƙara tsinka shi don ya bi ta hujin fida, abin da ya rage kusan ruwa ne da ɗan gasara. Cikin yaro ɗan wata 8 bai wuce ya ɗauki kofi ɗaya a zama guda ba. Ya sha ya ƙoshi, ya yi barci, uwa ta ji daɗi, amma ma'auni ya tsaya cak wata bayan wata. Yawancin yaran da nake ganin nauyinsu ya daina hawa tsakanin wata 6 da shekara 1, idan na tambayi cimarsu, amsar ita ce koko da safe, koko da rana, koko da dare.

Gyaran ba shi da tsada. A dama na yaro daban, ba yaji, ba sukari, a yi masa kauri yadda idan aka karkata cokali ba zai zuba da sauri ba. A riƙa ƙara masa abu ɗaya ko biyu cikin waɗannan: cokalin tunkuzar gyaɗa mai laushi, garin waken suya da aka soya, garin ƙananan busassun kifi da aka daka da ƙayarsu, dafaffen ƙwai da aka murƙushe, ko ɗan manja. Garin Tom Brown na soyayyar masara da gyaɗa da wake ya fi koko zalla nesa ba kusa ba, muddin an tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masarar da ta yi fumfuna kafin a kai niƙa, domin fumfunar tana haifar da gubar da ke lahanta hanta. Kunun gyaɗa ma haka yake, idan ya yi kauri abinci ne mai kyau. Duk waɗannan da cokali ake ba da su. Kada a faɗaɗa hujin fida don su wuce, kuma kada a toshe wa yaro hanci a yi masa ɗura, domin abin da ya kauce ya shiga huhu yana jawo ciwon haƙarƙari mai tsanani.

Yanzu ga ɗan ƙanwarki mai wata 14. Idan har yana shan mama, ta ci gaba da ba shi safe da dare da duk lokacin da suke tare, har ya kai shekara 2. Abin da likitoci suke faɗa ke nan, kuma shi ne adadin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata ga mai son cika shayarwa. Yaron da yake samun nono sosai tare da abinci mai kyau ba dole ne sai an saya masa madara ba. Idan an yaye shi, madarar shanu mai cikakken maiƙo ce ta dace da shi, kimanin kofi 2 a rana, wato wajen rabin lita, domin ƙwaƙwalwarsa tana buƙatar maiƙon a wannan shekara. Madarar gari mai cikakken maiƙo ta yi, haka ma madarar ruwa ta gwangwani marar sukari idan an sirka ta da tafasasshen ruwa. Wadda ba ta yi ba ita ce mai kaurin nan mai zaƙi da masu shayi suke amfani da ita, domin kusan rabinta sukari ne, da kuma farin garin da ake yi da man itace don faranta shayi, wanda yake kama da madara a ido kawai. Madarar da ake tallatawa da sunan ta yara masu tasowa kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a buƙatarta; da yawanta an ƙara musu zaƙi, kuma kuɗin gwangwani ɗaya zai sayi ƙwai da kifi da wake masu yawa.

Wataƙila za ki ji wani ya ce ana iya ba da madarar shanu tun kafin shekara. Likitocin yara na Amurka suna cewa a jira wata 12, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2023 ta yarda a ba jaririn da ba ya samun nonon uwa madarar dabba daga wata 6, saboda ta san madarar jarirai ta fi ƙarfin aljihun gidaje da yawa. Abin da nake faɗa wa iyaye shi ne, kafin wata 6 babu ita ko kaɗan, tsakanin wata 6 da 12 sai da larura kuma da shawarar ma'aikatan awo, bayan shekara kuma babu laifi. Dalilin taka-tsantsan shi ne madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfe da jiki yake gina jini da shi sai ɗan kaɗan. Yaron da yake shan kofi 4 ko 5 a rana yakan ƙi abinci, ya yi ƙiba a ido amma tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari. A ƙasar da binciken 2022 ya nuna kusan rabin yaranta 'yan wata 6 zuwa shekara 5 suna da ƙarancin jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shayi ma a nan yake shigowa. Ganyen shayi yana da wani sinadari mai bauri da yake kama ƙarfen da ke cikin abinci ya hana hanji tsotse shi, ga kuma kafeyin da yake hana barci ya sa bugun zuciya. Saboda haka shayi da burodi ba karin kumallon yaro ba ne, kuma 'yan'uwa maza da suke zaman ataya su daina miƙa wa ƙananan yara ragowar kofi don sha'awa. Garin cakulan irin su Milo yana da sukari tun daga gwangwani, to idan za a ba wanda ya haura shekara 2, a sa kaɗan cikin madara, kada a ƙara wani sukarin. Lemon ƙara kuzari kuwa, wanda direbobi suke sha don kore barci, bai halatta ga yaro ba ko kurɓi ɗaya.

Nono da kindirmo da fura da burkina, wato haɗin gero da nono, abinci ne masu kyau ga wanda ya haura shekara, kuma yaron da madara take kumbura wa ciki sau da yawa yakan sha kindirmo lafiya, domin tsamin ya rage sinadarin da yake wahalar narkewa. Sharaɗin shi ne a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda ɗanyen nonon shanu yana iya ɗauke da tarin fuka na dabbobi da wata cuta mai kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ya fi kyau ki dama da kanki a gida, domin na kan hanya ba ki san ruwan ƙanƙarar da aka sa ba, kuma an cika masa sukari. Kunun aya da madarar waken suya ta gida abin marmari ne mai kyau, sai dai ba sa tsayawa a madadin madara wajen gina ƙashi. Gidan da madara ta yi wa tsada kada su damu ƙwarai: ƙananan kifi da ƙayarsu, da wagashi, wato cuku, da wake, da zogale suna cike giɓin.

Idan yaron nan har yanzu yana riƙe da fida, lokacin rabuwa da ita ya yi, kada a wuce wata 18. Mafi muni shi ne a kwantar da yaro da fida a baki. Da dare yawu yana raguwa, sai abin shan ya kwanta a jikin haƙoran gaba na sama, ƙwayoyin cutar baki su mayar da sukarin tsami, tsamin kuma ya cinye ɓawon haƙori. Yakan fara da farin layi kusa da dasashi, ya koma ruwan ƙasa, daga baya haƙorin ya gutsure. Mutane sukan ce ai zai yi famfara, amma turamen yarinta suna zama a baki har shekara 10 zuwa 12, kuma yaron da haƙori yake masa ciwo ba ya cin abinci ba ya barci. A riƙa goge masa haƙora safe da dare da man goge baki mai fuloraid, gwargwadon ƙwayar shinkafa.

Shi kuwa babban ɗanki, ruwa ne abin shansa na yau da kullum, kofi 1 zuwa 4 gwargwadon zafi da guje-guje, da madara har kofi 2. Waɗannan adadin suna cikin matsayar da manyan ƙungiyoyin likitocin yara da na haƙori da na zuciya da masana abinci na Amurka suka fitar tare a 2019. Ruwan 'ya'yan itace na zalla, wanda ba a ƙara masa komai ba, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 1. Daga shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce mililita 120 a rana, daga 4 zuwa 6 kuma kada ya wuce 180. Ko wannan ɗin ma ba wajibi ba ne. Lemon zaƙi da aka ɓare, da yankan gwanda, da kankana, da mangwaro, da abarba sun fi ruwansu, domin zaren da ke jikinsu yana rage saurin shigar zaƙi cikin jini, yana taimaka wa bayan gida, yana kuma ƙosarwa. Mu da muke yankin Asante, inda 'ya'yan itace ba sa yankewa a kasuwa, bai kamata mu sayi hotonsu a kwali mu bar su a faranti ba.

Yawancin lemon kwalin da ake saya wa 'yan makaranta ruwa ne da sukari da kala da ƙamshi, ruwan 'ya'yan itacen da ke ciki kaɗan ne ko babu. Ki juya kwalin ki duba giram nawa na sukari aka rubuta a kowace mililita 100, ki tuna cewa giram 4 shi ne cokalin shayi 1. Idan an rubuta giram 10 kuma kwalin mililita 200 ne, to cokali 5 ke nan a zama ɗaya. Gwangwanin lemo mai gas na mililita 330 yana ɗauke da kimanin giram 35, kusan cokali 9. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce yaro daga shekara 2 kada ya kai giram 25 na ƙarin sukari a wuni, wato cokali 6, ɗan ƙasa da shekara 2 kuma kada a ƙara masa ko kaɗan. Kin ga da kwali ɗaya da sobolon yamma ya riga ya zarce, tun ba a ƙirga biskit ba. Gwamnatin Ghana ma ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai zaƙi a 2023. Abin da ya fi damuna a matsayina na mai awon yara shi ne yadda zaƙi yake toshe ci: yaron da ya sha lemo da ƙarfe 11 ba zai taɓa tuwon rana ba, sai a ce ba ya son abinci, a sake ba shi lemo don kada ya zauna da yunwa.

Sobolo da lamurji ba haramun ba ne ga ɗan shekara 3, amma ki dafa naki, ki tsinka shi, ki rage citta, ki sa abarba ta ba shi zaƙi a maimakon sukari, ki ba shi rabin kofi tare da abinci sau ɗaya ko biyu a mako. Sobolo yana da tsami, kuma tsami da zaƙi idan suka daɗe a baki haƙori ne yake biya, shi ya sa tsotsar ƙanƙararsa a leda tsawon yamma ta fi shanye shi lokaci ɗaya illa. Jan launinsa kuma ba ya nufin yana ƙara jini, haka ma maltina da madarar da ake haɗa wa mai jinya; jini daga hanta da nama da kifi da wake da ganye yake samuwa, musamman idan an bi su da lemon zaƙi.

Raba shi da lemon kwali zai ɗauki haƙuri. Ki daina ajiye shi a gida, ki saya masa gorar ruwa mai kyau ya zaɓi launinta da kansa, ki sa masa ayaba ko yankan lemo a jaka. Idan ya saba da zaƙi ƙwarai, ki riƙa sirka lemon da ruwa kina ƙara ruwan a hankali har ɗanɗanon ya gushe. Zai yi kuka na 'yan kwanaki, kuma a nan ne ake buƙatar bakin gida ya zama ɗaya, domin idan uwa ta hana, baba ya shigo da leda da dare, ko kaka ta kira shi ɗaki ta ba shi a ɓoye, aikin ya rushe. Ki yi magana da malamarsa ta riƙa tuna musu shan ruwa bayan wasa, ku kuma manya ku bari ya riƙa ganin ruwa a hannunku lokacin cin abinci. Ranar sallah ko suna ya sha lemonsa tare da sauran yara, babu damuwa.

Ranar da ɗayansu ya kamu da gudawa ko amai, ƙa'idar takan ɗan sauya. Jaririyar a ƙara mata yawan shan nono, a kuma kai ta asibiti da wuri. Manyan a ba su ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake kira ORS, a haɗa shi da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar ba ƙari ba ragi, a riƙa bayarwa da cokali kaɗan-kaɗan bayan kowace fita. Idan yaro ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. A haɗa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana ga wanda ya kai wata 6, rabin haka ga wanda bai kai ba, kuma kada a daina ba shi abinci. Lemon kwalba da na kwali da ruwan gulukos suna ƙara gudawa, domin yawan sukarinsu yana janyo ruwa daga jiki zuwa hanji. Idan yaro ya kasa sha ko tsotso, ko yana amayar da komai, ko idanunsa sun zurma, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko an ga jini a kashinsa, ko jikinsa ya saki yana ta barci, kada a tsaya shafa magani a maɗiga ko jiran gari ya waye. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, ana ci gaba da ba shi nono ko ruwan ORS a kan hanya idan yana iya haɗiyewa.